Hatimin Na'ura Tsakanin Kalgo da Gwandu

A tsakiyar bazara, lokacin da rana ke dukan ƙasar Kabi babu sassauci, wata dattijuwa a Gwandu ta kira ɗanta da ke aiki a Kalgo. “Ɗan nan, yau kwana biyu tanki a bushe, sai 'yan ga-ruwa muke kira,” in ji ta. Shi kuwa ya san inda matsalar take. Shekara guda kafin nan ya haɗa wa gidan famfon rijiyar burtsatse da wata 'yar kwamfuta ƙirar Raspberry Pi, ya kuma rubuta jerin umarni a kwamfutarsa ta Kalgo, wanda kullum da hantsi yake shiga ta Gwandu ta intanet ya kunna famfon.

Hanyar shigar ita ce SSH, wadda Tatu Ylönen ya ƙirƙiro a Finlan a 1995, bayan an saci kalmomin sirri a jami'arsu ta Helsinki. Ƙa'idarta ita ce kowace na'ura tana da makullin shaida nata. Ranar haɗuwar farko, mai shiga zai ga taƙaitaccen zanen makullin, a tambaye shi ko ya amince. In ya amsa, sai a adana shaidar a fayil mai suna known_hosts, a riƙa gwada ta a kowace shiga. Tun farkon aikin wannan tambaya ta taɓa ba shi wahala: idan ya shiga da hannunsa komai lafiya, amma jerin umarnin yana gudana ne a ƙarƙashin wani asusu dabam wanda fayil ɗinsa fanko ne, kuma da yake babu mai amsawa, sai haɗin ya katse. Ya warware wannan da zaɓin accept-new, wanda OpenSSH ya shigo da shi a 2017, mai karɓar baƙuwar na'ura amma ya ƙi wadda shaidarta ta sauya.

Wannan ƙin ne ya busar da tankin. Katin ajiyar kwamfutar Gwandu ya lalace, ƙanensa ya sa sabo ya sake ɗora manhaja, na'urar ta ƙera wa kanta sabon makulli. Adireshi bai canza ba, amma shaida ta canza, don haka ta Kalgo ta ƙi miƙa umarni.

Akwai gajeriyar hanya. Kalma ɗaya zai sauya a kashe binciken gaba ɗaya, ruwa ya zuba kafin la'asar. Ya daɗe yana kallon allon. Abin da ya tsayar da shi shi ne kwamfutar nan ita ce kuma ke riƙe da kyamarar zaure da makullin ƙofar gida. Bayanin ƙanensa ya yi daidai da hankali, sai dai daga Kalgo babu yadda zai bambanta sabon kati da wani da ya tsaya a tsakiyar hanya yana amsa sunan na'urar.

A nan ya tuna garin da ya haife shi. Daga Gwandu Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da magadansa suka tafiyar da yammacin Daular Usmaniyya, kuma wasiƙu ne suka riƙe wannan mulki. Wasiƙar sarki takan zo da hatimi, magatakardan da ya san hatimin kuwa ba ya karɓar wanda ya sauya don kawai manzo yana gaggawa.

Washegari ya hau mota zuwa Gwandu, domin gani ya kori ji. Ya jona allo a jikin na'urar, ya karanta zanen makullin harafi bayan harafi, ya gwada da wanda Kalgo ke gani. Suka dace. Ya goge tsohuwar shaida, ya rubuta sabuwa, ya kuma kwafe makullan ya adana saboda gaba. Aikin bai kai minti goma ba.

Da ruwa ya fara sauka a tanki, ya durƙusa ya ce, “Inna, an gyara.” Ta dube shi ta ce, “Ashe sai famfo ya tsaya ake ganinka.” Wata uku ke nan rabonsa da gida. A Gwandu ya kwana.