Kufaifan Azbin da Tambayar Wata Ɗaliba

A zangon karatun da ya gabata, muna koyar da darasin adabin baka ga 'yan aji uku, sai muka zo kan labaran asali, muka kawo wanda Gobirawa ke bayarwa cewa kakanninsu sun zauna a Azbin kafin su gangaro kudu. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to in sun zauna can, ina kufansu yake?" Muka ba ta amsa irin ta malamin da aka ritsa, wadda ke rufe baki ba tare da ta ƙosar ba. Tambayar ta bi mu har gida, domin shekara da shekaru muna nazarin abin da baki ya adana, ba mu taɓa waiwayar abin da ƙasa ta adana ba.

Da muka shiga bincike sai muka tarar amsar tana nan, sai dai akasarinta da Faransanci aka rubuta ta. A kudu da Agadas, cikin Jamhuriyar Nijar, akwai wani kufai da ake kira Marandet, inda masana irin su Henri Lhote suka tarar da dubban ƙananan tukwane na narka tagulla. Manazarta da dama suna ganin nan ne Maranda, wadda al-Yaƙubi ya ambata tun ƙarni na 9, wasunsu kuma suna danganta ta da tsohuwar Gobir. Haka nan akwai Azelik a yankin Ingal, wadda Suzanne Bernus da Pierre Gouletquer suka bincika a shekarun 1970. Mafi yawan masana sun tafi a kan cewa ita ce Takadda, garin da Ibn Baɗɗuɗa ya sauka a 1353, ya bayyana yadda ake haƙo tagulla a narka ta a yi sanduna, a kai ta ƙasashen da ya lissafa, har da Gobir da Borno. Wato ke nan labarin da muke karantarwa a aji yana da shaidu kwance a cikin rairayi.

A nan inda muke aiki, ƙasar ruwa ce da laima. Littafin da aka ajiye damina uku ba a taɓa ba, gara da funfuna sun gama da shi. Saboda haka muka ɗauka cewa abin da ke cikin hamada ya tsira, tunda babu danshin da zai ruɓar da shi. Labarin Gobero ne ya gyara mana wannan zato. A shekarar 2000 ayarin Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya shiga hamadar Tenere neman ƙasusuwan dabbobin zamanin da, sai ya ci karo da maƙabarta mai kabari wajen 200, mafi tsufansu sun kusa shekara 10,000. Mutanen sun rayu ne a bakin wani tafki da ya ƙafe tuntuni, ga ƙasusuwan dorina da kada da giwan ruwa suna ba da shaida. A wani kabari an sami mace da yara biyu an kwantar da su suna rungume da juna. To amma iskar da ta yaye rairayi ta nuna su, ita ce kuma ke cinye su, domin ƙashin da ya fito fili rana na gasa shi, yashi na gurzarsa, cikin 'yan shekaru sai ya zama gari. Tawayen da ya ɓarke a arewacin Nijar a 2007 ya tsayar da aikin na wani lokaci, iska kuwa ba ta tsaya ba.

Bayan iska sai hannun ɗan Adam. Matafiyi ya ga bakin kibiya na dutse ko tsinken tukunya a ƙasa, ya ɗauka ya sa aljihu, ko ya sayar wa baƙo, a ganinsa tsintuwa ce. Alhali darajar irin wannan abu a wurin mai bincike tana ga inda aka same shi, da zurfinsa a ƙasa, da abin da ke kwance kusa da shi. In aka raba shi da mazauninsa ya zama tamkar baiti guda da aka ciro daga waƙar da ta ɓace. Mu da muke nazarin waƙa mun san iyakar abin da za a iya faɗa a kan irin wannan baiti.

Mai karatu zai ce, ina ruwan malamin adabi da haƙar kufai? Gaskiya ne ba mu iya riƙe cebur ba, ba mu kuma da na'urar auna shekaru. Amma muna da harshe. Buzaye da fataken da ke bin hanyar gishiri zuwa Bilma, da makiyayan da ke hawa Ingal shan gishiri da damina, sun san sunayen wuraren nan da labaran da ke rataye da su, kuma da yawansu suna jin Hausa. Tsofaffinsu na tafiya ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ƙasusuwan Gobero ke tafiya. Tattara abin da suka sani aikinmu ne. Aikinmu ne kuma mu juya rahotannin Marandet da Azelik zuwa Hausa, domin wanda ke kiwo a gefen kufai ya san abin da yake takawa. Mai gadin da ya fi kowane amfani a hamada shi ne mutumin wurin da ya san ƙimar abin da ke gabansa.

Bahaushe ya ce waiwaye adon tafiya. A mako na gaba mun koma aji da taswira, muka nuna wa ɗalibar Marandet da Azelik, muka gaya mata cewa amsar da muka ba ta da farko ba ta cika ba. Ta tambaya ko mun taɓa zuwa can, muka ce ba mu taɓa ba. Yanzu haka mun yi rajistar koyon Faransanci da yamma, mu da ita da wasu ɗalibai biyu.