Zagaye Na Biyu: Tsokaci Kan Dawowar Annoba



Ya ɗan'uwa mai karatu, a farkon 2020, lokacin da korona ta tsananta a Chaina da Italiya, na sha jin masu cewa azaba ce Allah Ya saukar wa waɗancan mutane, mu kuwa an kare mu. Ni a ganina wannan karambani ne, domin babu wanda aka yi wa wahayi da hikimar da ke cikin ibtila'in wasu. Kuma duk wanda ya bi alƙaluman ƙasashe zuwa zagaye na biyu zai ga yadda hukuncin ya rushe.

Dubi ƙasar Czech. Ta tsallake zagayen farko da sauƙi, har a ƙarshen Yunin 2020 mutanen birnin Prague suka shimfiɗa dogon teburi a kan gadar Charles suna liyafar ban kwana da cutar. Zuwa Oktoba ƙasar tana cikin waɗanda suka fi kowa yawan masu kamuwa a duniya, idan aka auna da yawan jama'arta.

Labarin Indiya ya fi tayar mini da hankali. Ƙololuwar zagayen farko, a Satumban 2020, ba ta kai mutum 100,000 a rana ba. Da alƙaluma suka sauka sai hukumomi suka fara maganar nasara, aka buɗe gangamin zaɓe, miliyoyi suka taru a bikin Kumbh Mela a Haridwar. Sai ga nau'in Delta, mai saurin yaɗuwa. A farkon Mayun 2021 adadin ya haura 400,000 a rana, asibitocin Delhi suka rasa iskar oksijin. Afirka ta Kudu ma haka: zagayen Janairun 2021, wanda nau'in Beta ya jawo, ya fi na Yulin 2020 kisa. Gafalar mutane ta haɗu da sauyawar ƙwayar cutar, wadda ba ta hannun kowa.

Wannan ba sabon abu ba ne. Murar 1918, wadda kakanninmu suka kira marisuwa, ta fara da sauƙi a farkon shekara, zagayenta na biyu ne ya halaka mafi yawan mutane, kuma shi ne ya iso Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba kafin ya hauro Arewa.

Sai dai ina jan hankalin ɗalibai 'yan'uwana: kwatanta ƙasa da ƙasa yana buƙatar tsantseni. Ƙasar da ba ta yawan gwaji, alƙalumanta kaɗan ne ko da maƙabartunta sun cika. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mace-macen da annobar ta haddasa a 2020 da 2021 sun kai miliyan 14.9, alhali abin da ƙasashe suka bayar bai wuce miliyan 5.4 ba. Don haka ƙarancin adadin Najeriya, wadda ita ma ta shiga zagaye na biyu a Disamban 2020, ba shedar waliyyantaka ba ce.

Wa ya kai Sahabbai daraja? Amma annobar Amwas a Sham, shekara ta 18 bayan Hijira, ta ɗauki Abu Ubaida bn Jarrah, ta ɗauki Mu'azu bn Jabal da ya gaje shi, Allah Ya yarda da su. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga Sarg bai shiga ba, yana ganin komawar ma ƙaddarar Allah ce. Da Amru bn Asi ya karɓi ragama, sai ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu, kuma masu tarihi sun ce bayan haka aka yaye ta.

Allah Ya jiƙan Musulmin da suka riga mu gidan gaskiya.