Kuɓewa a bakin taga

A nan Tamanrasset, kan tudun Hoggar, sanyi ba ya saurin tafiya. Bana har Maris ya yi nisa muna kwana da bargo biyu. Kuɓewa kuwa 'yar zafi ce: ka shuka ta a ƙasa mai sanyi, sai ta ruɓe ko leƙowa ba ta yi ba.

Irin da nake da shi bai cika tafin hannu ba, daga gonar marigayiya mahaifiyata a Damagaram aka kawo min. In ya lalace, shi ke nan.

Shi ya sa na fara a ɗaki. Na jiƙa shi kwana ɗaya, na sa ƙwaya bibbiyu a kofin takarda, don saiwar kuɓewa ba ta son taɓi. Ranar dashe har kofin za a binne. Da rana bakin taga, da dare kusa da murhu. Maman yara sai mita take, wai na cinye mata wurin kife kwanuka.

Kofi tara cikin goma sha biyu sun tsiro. Autana, wanda bai taɓa ganin Damagaram ba, shi ke ba su ruwa kafin ya tafi makaranta.