Gwangwanin Baba da tsohon mai gyaran rediyo na Garwa

Duk wanda ya taɓa kwana a Garwa a watan Maris ya san abin da ake kira zafi. Kafin azahar ma'aunin zafi ya haura 40, kwalta tana tururi, masu babur duk sun fake a gindin darbejiya suna fifita. To a cikin wannan ranar na shafe mako uku ina yawo da wani ɗan gwangwani a aljihun riga, ina neman wanda zai gyara shi. Shekarata goma sha ɗaya ina sayar da atamfa da shadda a babbar kasuwar garin, ina ganin kamar na san Garwa ciki da bai. Ashe kasuwa kawai na sani.

Gwangwanin nan na alawa ne, bai fi tafin hannu ba. Ƙanena, Allah ya jiƙansa, shi ya haɗa abin da ke ciki da hannunsa a Kano. Ɗan ƙaramin amfilifaya ne na hedifon, mai rami uku: ɗaya na jona rediyo, ɗaya na abin kunnen, ɗaya na caja. A samansa akwai mamurɗi biyu. Don Babanmu ya yi shi. Baba mutum ne da tun yana saurayi ba ya rabuwa da rediyo, daga labaran asuba har na dare. Ya kan ba mu labarin yadda a da yake kamo gidan rediyon Garwa a gajeren zango daga Kano, tun bai taɓa tunanin zai taka garin ba. Da girma ya zo kunnensa ya yi nauyi, sai ya riƙa ƙure murya har maƙwabta su ji, shi kuwa ya ce gunji kawai yake ji, ba ya rarrabe magana. Ranar da ƙanena ya sa masa hedifon ɗin nan, Baba ya ɗaga hannu ya ce kowa ya yi shiru, ana labarai. Bayan shekara biyu ƙanena ya rasu.

Da mahaifiyarmu ita ma ta rasu, na je na ɗauko Baba. Muka biyo ta Yola, muka tsallaka iyaka, muka shigo ta Gashiga. Kayansa jaka ɗaya ce, amma gwangwanin a hannunsa ya riƙe har muka iso.

Mu 'yan Najeriya ba ma jin sunan Lagdo sai in an ce an saki ruwa, kamar yadda aka yi a 2012 da 2022, jama'ar Adamawa da Binuwai suka sha ambaliya. A nan kuwa Lagdo wuta ce. Madatsar tana kan kogin Binuwai a kudu maso gabashin Garwa, an kammala ta a 1982, ƙarfinta megawat 72, kuma da ita Garwa da Marwa da Ngaundare suka daɗe suna dogara. In bazara ta yi ruwa ya ja baya, sai a shiga rabon wuta. Wani dare wuta ta dawo bayan dogon ɗaukewa, ɗana na fari ya tashi da sauri don ya faranta wa kakansa, ya lalubo caja a duhu ya jona. Cajar kwamfutata ce. Bakinta ya shiga ramin daidai, sai dai ita bolt 19 take bayarwa, gwangwanin kuwa 9 yake ci. Wani ɗan ƙauri ya tashi, shi ke nan.

Baba bai yi faɗa ba. Ya shafa kan yaron ya ce, "Ba komai, kwanansa ne ya ƙare." Amma daga ranar ya rage magana. Ku duba fa: tsoho mai nauyin kunne, a garin da kasuwa da titi Fulatanci da Faransanci ake yi, shi ko ɗaya ba ya ji. Rediyon nan ita ce tagarsa. Na sayo masa hedifon iri uku, har da mai bulutut, duk ya gwada ya ajiye. Kwana goma ba a yi ba ya fara zancen komawa Kano, gidan da babu kowa a cikinsa sai 'yan haya. Nan hankalina ya tashi.

Na fara da masu gyaran waya na bakin kasuwa, yara masu hannu, waɗanda za su canza maka gilashin waya kafin ka shanye shayi. Na farko ya buɗe, ya juya, ya tambaye ni lambar samfurin don ya nemo zanensa a intanet. Na ce ai ba kamfani ya yi shi ba. Ya rufe ya miƙo mini, ya ce, "Alhaji, gaskiya wannan ba layina ba ne. Mu fanel muke cirewa mu sa wani." Na gode masa, don bai ɓata mini lokaci ba. Na biyu, a wajen Yalwa, cewa ya yi in bar masa, zai kwashe abin da ke ciki gaba ɗaya ya sa sabon fanel na Cana, gwangwanin dai yana nan yadda yake, tsoho ba zai gane ba. Na karɓi kayana. Na uku, kusa da filin wasa na Rumde Ajiya, inda 'yan ƙwallonmu suka ci Masar a watan Janairun 2022 kafin Tunisiya ta fitar da su, bai ko tambaye ni abin da ya faru ba ya jona ƙarfen narka dalma. Kafin in buɗe baki ya cire waya biyu. Da ƙyar na tsayar da shi, na biya kuɗin da ban ci ba, na fito da gwangwani ya fi da lalacewa.

Na yi tunanin in aika shi Kano. Amma in ya ɓace a hanya fa? Ko ya faɗa hannun wani mai gaggawar irin na ukun nan, ba ni a wurin?

Kowace Lahadi nakan kai kaya kasuwar Fitowa, da ke kan hanyar Marwa, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Kasuwa ce ta ƙauye amma babba: dawa, gyaɗa, albasa, busasshen kifi, awaki, Fulanin daji da ƙoren nono, matan ƙauyukan kewaye da tukwane. Kusa da rumfata akwai wani mai sayar da tocila da batir da ƙananan rediyo. Muna cin abinci na ba shi labari, don dai in rage abin da ke raina. Ya yi dariya ya ce, "Kai ma dai, ka kai wa mai aski ɗinkin hula. Je ka tambayi ladanai. Wa ke gyara musu amfilifayar masallaci?"

Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Washegari bayan azahar na tambayi ladanin masallacin layinmu, ya tura ni wurin wani ladanin a Fulɓere, unguwar da fadar Lamiɗo take. Shi kuma ya haɗa ni da wani yaro, muka ratsa lunguna zuwa Hausare, inda Hausawa suka zauna tun zamanin da jiragen ruwa ke hawowa Binuwai da damina su sauke gishiri da kayan Turawa su ɗauki auduga da gyaɗa. Shekara goma sha ɗaya ina wucewa ta bakin lungun nan a kan babur, ban taɓa leƙawa ba.

Shagon zaure ne, ba allo ba suna. Lasifikoki na masallaci jere a bango, tsofaffin rediyo masu kaset har rufi, gwangwanayen madara cike da ƙananan kaya. Mai shagon tsoho ne mai farin gemu da tabarau ɗaure da zare. Muka gaisa da Fulatanci, da ya ji harshena ya juya Hausa tsantsa.

Bai taɓa ƙarfe ba. Ya ce in zauna in faɗa masa yadda aka yi, wace caja ce, an ji ƙara ko ƙauri, wa ya taɓa shi bayan nan. Sannan ya yago takarda daga littafin 'yan makaranta, ya ɗauki fensir, ya riƙa bin wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana zanawa. Ya fi awa guda. Ni dai ina zaune ina kallon agogo ina tuna shago.

Can ya ɗago ya ce, "Mai abin nan dattijo ne?"

Na ce, "Mahaifina ne, Baba."

"Kunnensa na hagu ya fi nauyi?"

Sai da tsigar jikina ta tashi. Na ce yaya aka yi ya sani. Ya juyo mini da takardar. Ya ce amfilifaya biyu ne a ciki, kowane kunne da nasa, shi ya sa mamurɗi biyu, kuma an ƙara wa na hagu ƙarfi tun daga haɗi. Ya nuna mini wasu 'yan kwandansa biyu ƙanana a bakin shigar sauti. Ya ce wanda bai sani ba zai ɗauka kuskure ne ya sa manya, alhali da gangan aka yi. Ƙanana suna tare kaurin sauti su bar siririn ya wuce. Kunnen tsufa kuwa siririn sauti yake fara rasawa, irin su "sa" da "sha" da "tsa", waɗanda da su ake rarrabe kalma da kalma. Shi ya sa tsoho ke jin murya amma ba ya jin magana, kuma ƙure rediyo ba ya ƙara masa sai gunji. Nan na gane dalilin da hedifon ukun da na saya ba su yi ba: duk kaurin kiɗa aka yi su su ƙara, na samari.

Ya ce, "Wanda ya haɗa wannan ya zauna da mai shi ya saurare shi. Yana ina?"

Na faɗa masa. Ya yi addu'a, ya yi shiru kaɗan, sannan ya koma kan aiki.

Abin da ya ƙone, in ji shi, aisi biyu ne masu ƙafa takwas-takwas, LM386, waɗanda yawancinsu ba a ba su fiye da bolt 12, sai kwandansa ɗaya da ta kumbura. Yana da aisi ɗaya da ya ciro daga wata tsohuwar lasifikar kwamfuta, amma ya ce ba ya so ya haɗa tsoho da sabo, gara a samo biyu iri ɗaya. Na kira abokin cinikina na Kantin Kwari, ya aika yaro Sabon Gari ya sayo huɗu, kuɗinsu bai kai na yadin shadda ba. Aka naɗe su a takarda aka cusa cikin dilar atamfata, suka iso bayan kwana shida. Hanyar da ta kawo ni Garwa ita ta kawo su.

Ranar da ya gama na zo karɓa, ya ce a'a. "Ni ba na ɗinka takalmi ban ga ƙafa ba. Kai ni wurinsa." Ya rufe zaure, na goya shi a babur. Suka gaisa da Baba kamar sun san juna. Ya sa masa hedifon, ya kamo tasha, ya riƙa murɗawa a hankali yana kallon fuskarsa, ba gwangwanin ba. Muna tsaye, ni da maiɗakina da yaron da ya yi ɓarnar, wanda tun ranar bai sake sakewa a gidan ba. Sai Baba ya ɗaga hannu ya ce a yi shiru.

Sefa dubu uku tsohon ya ce in ba shi. Na ninka, ya mayar mini da rabi. Abu biyu ya ƙara a ciki da izinina: wani ɗan ƙarfe mai ƙafa uku, 7809, wanda ko an sake jona cajar kwamfuta zai sauke wutar zuwa bolt 9, da dayod mai hana wuta shiga a juye. Ya kuma ninke zanen nan ya manna a cikin murfin, ya ce, "Ni ma ba dawwama zan yi ba. Wanda zai buɗe bayana ya tarar da hanya."

'Yan'uwa matafiya, da yawanmu muna da irin wannan kayan a gida, wanda ba ya da lamba ba ya da kamfani: keken ɗinkin uwa, rediyon uba, inbata da wani ya naɗa da hannu. In ya lalace a baƙon gari, kada ku fara da inda aka fi cunkoso. Ku tambayi masu amfani da irin abin kullum, ladani ko mai bidiyon biki ko tela, su wa ke yi musu gyara. Ku ɗauki hoton cikinsa da waya kafin kowa ya taɓa. Wanda ya kama ƙarfe bai tambaye ku komai ba, ku karɓi kayanku. Sannan ku rubuta yawan bolt a jikin kowace caja da babban baƙi, don bakin caja yana shiga inda wutarta ba ta dace ba.

Baba bai sake zancen Kano ba. Yanzu duk Juma'a bayan la'asar jikan nasa ne ke raka shi Hausare, su zauna a zauren nan. Tsofaffin biyu suna gardama a kan labaran duniya da ƙarfi har a jiyo su a bakin lungu, yaron kuma an ba shi fensir da wata matacciyar rediyo, an ce kada ya taɓa ƙarfe sai ya gama zane.