Kwatancen da Baƙo Zai Bi Shi Kaɗai



Ɗan gari ya fi kowa sanin hanya, kuma sau da yawa ya fi kowa kasa kwatanta ta. Tambayi mutumin Gadarif hanyar kasuwar amfanin gona, zai ce maka ka miƙe har ka wuce inda ake sauke riɗi, sannan ka karkata dama. Gaskiya ya faɗa, amma maganarsa ba ta amfanar kowa sai wanda ya riga ya san inda ake sauke riɗin. Baƙo kuwa, ko da ido, makaho ne. Wannan matsala ta kwatance ita ce jigon aikina na magatakardan dattijon jama'armu, domin ni nake rubuta wasiƙu da takardun sulhu da jerin sunaye waɗanda wani zai karanta ba na wurin. Ita ce kuma ta daɗe tana damun wasu mutane da sana'arsu ta yi nisa da tawa: masu rubuta bayanin yadda ake gina ƙwayar Linux daga tushenta.

Bari in fara da ma'anar ƙwayar, don waɗanda suka yi karatun allo irina. Kowace kwamfuta da kowace wayar zamani tana da babbar manhaja mai tafiyar da ita. A tsakiyar wannan manhaja akwai wani sashe da ke magana da ƙarfen na'urar kai tsaye. Shi ke raba wa sauran manhajoji wurin ajiya, shi ke ba kowace lokacinta na aiki, shi ke isar da saƙo tsakaninsu da allon dubawa da madannai da na'urar kama intanet. Turawa suna kiransa kanel, wato ƙwayar da ke cikin ɓawo, kamar ta gyaɗa. Duk mai riƙe da wayar Android a Gadarif yana ɗauke da ƙwayar Linux a aljihunsa, ko ya sani ko bai sani ba.

Wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara rubuta ta a 1991. Fitowarta ta farko, a watan Satumban shekarar, ba ta wuce layi 10,000 da 'yan kai ba. Yau ta kai kimanin layi miliyan 40, mafi yawansu da harshen kwamfuta da ake kira C, kuma ana fitar da sabuwa kusan duk bayan mako tara ko goma. Tun 1992 take ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar ɗaukar asalin rubutun, ya karanta, ya gyara, ya raba. Sai dai asalin rubutun ba ya tayar da kwamfuta. Dole a juya shi zuwa harshen na'ura, kuma wannan juyin shi ake nufi da gini. Mai gini zai sauko da rubutun, wanda ko a dunƙule ya haura megabait 100. Zai tanadi kayan aiki, babbansu manhajar juyi kamar GCC da mai jera ayyuka da ake kira make. Zai shirya takardar zaɓi mai suna .config, wadda a cikinta ake amsa dubban tambayoyi a kan abin da za a sa da abin da za a bari. Sannan ya ba da umarnin gini, ya jira, ya girka abin da ya fito, ya sake kunna na'urar.

A baki, matakai biyar ne ko shida. Yadda suke a aikace kuwa na gani da idona. Bayan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, ɗan ƙanwata, wanda ke karatun kwamfuta a Khartoum, ya dawo wurinmu kamar dubban da suka kwararo Gadarif, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar shekarar. Malamansa sun watse, abokan karatunsa kowa ya kama gabansa. Abin da ya rage masa tsohuwar kwamfuta ce da niyyar kada karatunsa ya mutu. Ya ƙudurta zai gina ƙwayar da hannunsa, ya rage mata nauyi ta dace da tsohuwar na'urar, ya kuma san cikinta. Ya ce da ni, "Kawu, kai ne mai alƙalami. Duk inda na tsaya ka rubuta mini wurin da dalilin." Na ɗauko littafin da nake rubuta zaman sulhu, na ware masa shafuka daga baya.

Tsayuwar farko ta zo tun kafin a je ko'ina. Bayanin da yake bi, wanda ya samo a wani wuri ba tare da kwanan wata ba, bai ambaci wasu kayan aiki biyu ba, flex da bison. Daga baya ya gano cewa tun daga fitowa ta 4.16, a 2018, gini ba ya yiwuwa sai da su. Marubucin bai yi ƙarya ba, zamani ne ya wuce rubutunsa, shi kuma bai sa ranar da ya rubuta ba balle mai karatu ya yi hattara. Tsayuwa ta biyu ta fi ciwo. Ya kwafi takardar zaɓi daga Linux ɗin da ke kan na'urarsa, gini ya yi nisa, sai ya tsaya cak yana neman wata takardar shaidar sa hannu wadda ba ta cikin asalin rubutun, tana wurin waɗanda suka shirya wancan Linux ɗin. Layi ɗaya a cikin takardar zaɓi ake gogewa a wuce wurin, amma ba a faɗa masa ba. Kafin ya gane, an ɗauke wuta, batir ya mutu, yini ya tafi. Ta uku ta zo bayan ya yi murnar gamawa. Ya yi amfani da umarnin localmodconfig, wanda ke duba abin da na'ura take amfani da shi a lokacin ya zubar da saura. Da yake bai soka filashinsa ba sa'ad da ya ba da umarnin, sabuwar ƙwayar ta tashi ba ta san filashi ba.

Da na duba shafukan nan uku, sai na ga abu ɗaya ne ya maimaita kansa. A kowane wuri akwai abin da gwani ya sani har ya daina ganinsa a matsayin mataki. Hannunsa ke yi, bakinsa ba ya faɗa. A inda wuta ba ta yankewa kuma intanet ba ta da tsada, irin wannan giɓi ɓacin rai ne na minti goma, mutum ya bincika ya wuce. A wurinmu farashinsa yini guda ne da kuɗin data da aka tara da ƙyar. A watan Fabrairun 2024, da sadarwa ta yanke a mafi yawan Sudan, ko binciken ma babu. An ce matambayi ba ya ɓata, to amma sai in akwai wanda za a tambaya. Yaron da ba shi da malami ba shi da intanet, takardar da ke hannunsa ita ce malaminsa, kuma duk abin da ta tsallake ya tsallake shi ke nan.

Mu da muka zauna gaban malamai a zaure mun san wannan ciwo da maganinsa tun da daɗewa. Muhtasar na Shehu Halil ɗan Ishaƙ, malamin Masar na ƙarni na 14, an matse shi ƙwarai har ɗalibi ba ya iya shiga shi kaɗai. Saboda haka Shehu Dardir ya yi masa sharhi, Dasuƙi kuma ya yi wa sharhin hashiya. Matani na mai haddacewa ne da wanda ya riga ya sani. Sharhi yana kama hannun ɗalibi kalma bayan kalma. Hashiya tana tsayawa a wuraren da aka saba yin tuntuɓe. Ba wanda ya ce a ƙone matani don an yi sharhi, kowanne da mai buƙatarsa. Aibin da yawa daga bayanan gina ƙwaya shi ne matani ne tsura aka miƙa wa baƙo, aka ce masa sharhi ne.

Masu kula da Linux sun san da wannan, kuma sun yi aiki a kai. Tun da daɗewa bayanan suna tafiya tare da asalin rubutun a cikin jaka guda mai suna Documentation, abin da ke nufin wanda ya sauko da rubutun ya sauko da bayaninsa, zai iya karantawa ko babu intanet. Amma shekaru da yawa jakar tarin takardu ce barkatai. A 2016, da fitowa ta 4.8, ƙarƙashin jagorancin Jonathan Corbet mai kula da sashen bayanai, aka koma tsara su da manhajar Sphinx, aka fara rarraba su littafi-littafi: na mai gudanar da na'ura daban, na mai rubuta gyara daban. Akwai kuma takarda guda da ke jera kayan aikin da ake buƙata da mafi ƙarancin fitowar kowanne, ana sabunta ta tare da ƙwayar. Da yaron ya fara da ita, da tsayuwarsa ta farko ba ta faru ba.

A 2023 wani Bajamushe, Thorsten Leemhuis, ya ƙara wata jagora a kan yadda za a gina ƙwaya marar nauyi cikin sauri, kuma da ɗan ƙanwata ya fassara mini tsarinta sai na ga tsarin zaure ne sak. A sama akwai 'yan layuka na umarni don gwani mai sauri. Bayansu matakai ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe dogon sashe mai bayyana dalilin kowane mataki da abin da kan lalace a cikinsa. Jagorar ta fara da abin da gwanaye kan manta: ka adana kwafin kayanka kafin ka taɓa komai, ka tabbata na'urarka za ta yarda ta tashi da ƙwayar da ka gina da kanka, ka tanadi wurin ajiya kimanin gigabait 12. Ta yi gargaɗi a kan na'urorin da ba a soka ba, ta yi maganar takardar shaidar nan da ta cinye mana yini, ta kuma koya yadda ake cire ƙwayar in ba a son ta. Wannan na ƙarshe ya burge ni, domin mai kwatance na gari yana faɗa maka hanyar dawowa. Sannan marubucin ya roƙi duk wanda ya bi matakan ya maƙale da ya sanar da shi.

A wannan roƙo ne nake ganin rabon yaranmu. Gwani ba zai iya gano giɓin rubutunsa ba, saboda kansa yana cike giɓin tun kafin idonsa ya kai wurin. Wanda bai sani ba shi ne ma'aunin bayani. Yaron da ke zaune a Gadarif da tsohuwar na'ura da wutar da ba ta da tabbas yana ganin abin da injiniya a Jamus ko Amurka ba zai taɓa gani ba. In ya rubuta daidai inda ya tsaya, da fitowar da yake ginawa, da saƙon da na'ura ta nuna masa harafi da harafi, da abin da ya warware matsalar, ya ba da gudummawa ta gaske ko bai rubuta layi ɗaya na C ba. Gyaran bayani yana bin hanyar da gyaran ƙwayar kanta yake bi, ana duba shi, ana karɓa, sunan mai shi yana shiga tarihin aikin.

Akwai kuma maganar harshe. An fassara sassan bayanan zuwa Sinanci da Japananci da Koriyanci da Italiyanci da Sifaniyanci. Babu Hausa a ciki. Yaranmu a nan suna karatu da Larabci, suna magana da Hausa a gida, Turanci kuwa na uku ne, ga shi kuma da shi aka rubuta komai. Ba na cewa a tashi fassara dubban shafuka. Jagora guda ta isa a fara da ita, a bar umarnin na'ura yadda yake, a yi sharhin da Hausa, a sa kwanan wata da lambar fitowar da aka gwada a kanta, a kuma samu wanda ya ɗauki alkawarin duba ta duk lokacin da aka yi sabuwa. Fassarar da ba mai sabunta ta za ta zama irin bayanin nan da ya manta da flex da bison.

Ina da ƙa'ida a aikina wadda nake ba duk mai son gwada wannan. In na rubuta takardar iyakar gona bayan sulhu, ba na miƙa wa dattijo ya sa hannu sai na ba wani wanda bai halarci zaman ba ya karanta, ya faɗa mini inda iyakar take. In ya ce "daga bishiyar" ya tsaya yana tambaya wace bishiya, takardar ba ta gamu ba, ko da duk waɗanda suka halarta sun gane. Waɗanda suka halarta za su tsufa, wasu za su yi ƙaura, bishiyar ma ana iya sare ta. Haka za a yi wa bayanin gini: a ba wanda bai taɓa yi ba, a zauna gefensa a kame baki, a rubuta duk inda ya daka ta. Kowace tsayuwa layi ce da ta ɓace.

Saboda haka ina kira ga ɗalibanmu na Jami'ar Gadarif da waɗanda yaƙi ya dawo da su gida daga Khartoum da Madani: ku haɗu ko ku uku ne, ɗaya ya gina, ɗaya ya rubuta, ɗaya ya gwada abin da aka rubuta a wata na'urar. Abin da kuka samu na gyara ku aika wa masu kula da bayanan, sharhin Hausar kuma ku ajiye shi a filashi da takarda, yadda zai kai ga ƙannenku ranar da babu sadarwa. Shafukan da na rubuta wa ɗan ƙanwata suna nan, duk mai so ya zo zauren dattijo bayan la'asar ya kwafa.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya yi wa karatun yaranmu albarka.