Ba iskokin rijiya ba ne, ciwon ɓarin kai ne

A wani ƙauye na ƙasar Tasawa akwai wata mata mai ƴaƴa huɗu. Wata rana tana komowa daga rijiya da tulu bisa kai, sai ta ga wani haske yana ƙyalli a gefen idonta, mai kama da haƙoran zarto. Yana ta ƙara faɗi har ta daina ganin rabin hanya. Bayan kamar rabin awa hasken ya ɓace, sai gefe guda na kanta ya kama sara, ga tashin zuciya. Ta kwana biyu cikin ɗaki, ba ta son haske, ba ta son ƙarar daka.

Uwar mijinta ta ce iskokin rijiya ne. Aka sayar da akuya, aka yi ta hayaƙi, abu bai bari ba. Ita kuwa tsoronta kar ta makance ta bar yara.

Da ta je likita, malamin ya tambaye ta: "In kin rufe ido guda, hasken yana tafiya?" Ta ce ko duka biyu ta rufe yana nan. Ya ce mata idonta lafiya lau, abin daga ƙwaƙwalwa yake. Wannan haske ɗan aike ne na ciwon ɓarin kai. Yakan ɗauki minti 5 zuwa 60, ciwon kuma awa 4 zuwa kwana 3. Ya fi kama mata. Yunwa, ƙishirwa, rashin barci, zafin rana da haila suna tada shi.

Sannan ya tambaye ta ko tana shan ƙwayar tazarar haihuwa. Ta ce i. Ya sake mata wata dabara, don ƙwayar da ke da sinadarin istirojin tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga mai ganin wannan haske.

Yanzu in ɗan aiken ya zo, sai ta sauke tulu, ta sha ruwa da farasitamol, ta kwanta cikin duhu. Ciwon bai rabu da ita ba, amma tsoro ya tafi, sauran awaki kuma suna nan.

To jama'a, a kula: in hasken ya wuce awa guda, ko hannu ya mutu, ko baki ya karkace, kar a jira gobe, a kai mutum likita.