Dalilin Makarar Jirgi Tsakanin Kano da Ikko

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in bayyana wa 'yan'uwana masu karatu abin da na lura da shi game da jirgin ƙasa, gama ni akawu ne, aiki ya sha kai ni Kudu.

Dogo ya iso Kano cikin 1911. Daga nan zuwa Ikko wajen mil 700 ne, ta Zariya, Kaduna, Minna, Zungeru, Jebba, Ilori da Badun. Duk tsawon nan layi guda ne, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6. Watau in jirgi biyu suka fuskanci juna, tilas ɗaya ya raɓe a tasha ya jira. Kadan na Kudu ya makara a Jebba, na Arewa zai kwana a wata 'yar tasha cikin daji, fasinja na zagin mai tasha, shi kuwa ba shi da iko ya ba da hanya sai an buga masa waya layi ya buɗe. Ashe makarar jirgi ɗaya ita ke haifar ta goma.

Sa'an nan ga damina. Tsakanin Minna da Jebba rafuffuka sun yi yawa, in ruwa ya zare ƙasa daga ƙarƙashin dogo, Arewa da Kudu sun rabu ke nan, sai leburori sun cike. Har wa yau, masu shimfiɗa hanyar auduga da gyaɗa da fatu suka fi tunani, kaya kuwa ba su ƙorafi. Buhun gyaɗa ya kwana uku a tasha ba kome, amma mace mai goyo fa, ko mai goron da ke bushewa a huhu?

An gyara hanyar, jirgin fasinja ya koma aiki cikin Disamba 1912 da ɗari, watau 2012, yana cin awa 30 ko fiye. An kuma buɗe sabon dogo mai faɗi tsakanin Kaduna da Abuja cikin 2016, amma da 'yan bindiga suka far wa jirgi cikin Maris 2022, sai aka tsai da shi har Disamba. Mutane suka koma mota, inda hatsari ya fi yawa.

Don haka ina roƙon mahukunta abu uku. A ƙara wuraren raɓewa. A yashe kwalbatoci tun da rani, gama rigakafi ya fi magani. In jirgi zai makara kuma, a rubuta gaskiya a allon tasha, talaka ya san ko ya shimfiɗa tabarma ko ya koma gida. Sayen sabon tarago abin murna ne, amma mai tikiti lokaci ya saya.

Allah ya kiyaye matafiya, amin.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.